Gida A Bayan Mota: Aikin Kafinta Da Hanyoyin Damargu

Duk wanda ya yi wayo a garin Tanut cikin shekarun 1970 da na 1980 ba zai manta da waɗansu baƙi da hunturu ke kawowa ba. Da zarar sanyi ya sauka, sai a fara ganin motocin Nasara suna gangarowa daga Agadas, sun yi buɗu-buɗu da ƙura, masu su kuma rana ta gasa su sun yi jawur. Waɗansu sun taso ne tun daga Faransa ko Jamus, suka ƙetare teku zuwa Aljeriya, suka bi ta Tamanrasat, In Gezam, Asamaka da Arlit, suna nufin Damagaram da Kano. Yara kan kewaye su a bakin kasuwa, amma ba injin motar ne ke ba su mamaki ba. Abin kallon yana ciki: ga gado, ga tebur, ga murhu da wurin wanke kwanoni, ga kabad-kabad jere da juna, kowane da ƙyaurensa. Gida ne sukutum aka ɗora bisa ƙafa huɗu.

Wannan hanya ba baƙuwar matafiya ba ce. Ayarin Abzinawa sun yi ɗaruruwan shekaru suna ratsa Damargu da gishirin Bilma da hajar Tarabulus, suna komawa da gero da tufafin Kano. A watan Janairu na 1851 Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda ya sa wa kansa suna Abdul Karim, ya iso Tagelel tare da ayarin gishiri, a nan ne ya rabu da abokin tafiyarsa Richardson, kowa ya kama gabansa. A shekarun 1930 wani kamfanin sufuri na Aljeriya mai suna SATT ya buɗe layin motoci daga birnin Alje zuwa Damagaram da Kano. Su kuwa ƴan yawon buɗe ido masu ɗaki a mota, zamaninsu bai daɗe ba. Tashin hankalin Aljeriya daga 1992, da tawayen arewacin ƙasarmu na 1990 zuwa 1995 da na 2007 zuwa 2009, da sace-sacen baƙi da suka biyo baya, su suka yanke wannan zirga-zirga. Yau da wuya yaron Tanut ya ga irin waɗannan motoci.

To, baƙin sun tafi, amma bukatar ba ta bi su ba. Hasali ma ta fi ƙarfi a wurinmu, domin abin da yake shaƙatawa ga Banasare, a Damargu aiki ne na dole. Daga Damagaram zuwa Tanut wajen kilometir 140 ne bisa kwalta. Da an sauka daga wannan babbar hanya, ko yamma zuwa Gangara da Balbeji, ko arewa zuwa Tanhiya da rijiyoyin makiyaya, sai burji da rairayi. Dokar 26 ga Mayu 1961 da ta shata iyakar noma ta arewa ta bi ta cikin wannan ƙasa, kuma bayan iyakar jama'a ba a gari suke ba, suna biye da dabbobinsu. Balbeji ta zama dipartama mai cin gashin kanta a 2011, amma hakan bai rage tazarar da ke tsakanin rijiya da rijiya ba. Malamin asibiti mai kai rigakafi, da malamin dabbobi, da mai gyaran famfo, da ɗan kasuwa mai bin kasuwannin mako, da masu kai ruwa da abinci wuraren haƙar zinariya na arewa tun daga 2014, dukansu sukan kwana uku, ko mako guda, ba su da ɗaki sai motarsu. A cikinta suke ajiye magani da takardu, a gefenta suke dahuwa.

Amma a leƙa bayan yawancin waɗannan motoci a ga yadda kaya suke. Buhun shinkafa bisa jarkar gazuwal, tukunyar gas tana birgima tsakanin taya da kirik, kwalin magani a ƙarƙashin katifa. Ni kaina na taɓa shan wannan wahala. Wata shekara na bi motar wani sarwis daga Tanut zuwa yamma, motar kuwa an yi mata kabad sabo fil, mai sheƙi, irin wanda ake kai wa amarya. Ba mu yi tafiyar awa biyu cikin gargada ba sai ƙyaurensa ya ɓalle. Galan ɗin man gyaɗa ya faɗo ya fashe bisa sukari da ganyen shayi, ya bi ya jiƙe littafin rajista da aka yi wata guda ana cikawa. Muka kwana biyu muna cin abinci mai warin gazuwal, shayi kuwa sai dai mu roƙa a zangon makiyaya. Kafintan da ya yi wannan kabad ba mugu ba ne, kuma ya iya aikinsa. Laifinsa ɗaya: ya yi wa mota kayan ɗaki.

Kabad na ɗaki, wanda waɗansu ke kira armuwar, tsaye yake wuri ɗaya har ya tsufa. Nauyinsa da na kayan da ke cikinsa ƙasa kawai suke dannawa. Na mota kuwa ana jijjiga shi sama da ƙasa, ana fizgar sa gaba idan an taka birki, ana jefa shi gefe idan an sha kwana, jikin motar da aka ɗaure shi a kai shi ma yana murɗewa duk lokacin da ƙafa ɗaya ta hau tudu ɗaya ta faɗa rami. Gargadar burji, wadda direbobi ke kira eskaliye, tana bugun kowace mahaɗa sau dubbai cikin awa guda. Babu ƙusar da za ta jure wannan.

Darasin madugu

Abin da zai ba mai karatu mamaki shi ne, ilimin wannan aiki ba sai an je Turai neman sa ba. Yana nan a kowane zango. A tsaya a kalli yadda Ba'abzine ke ɗaura wa amale kaya da asuba. Ba ya ɗora taiki a dama sai ya auna takwaransa na hagu, domin ya san kaya idan ya rinjaya gefe ɗaya zai yi wa raƙumi miki a doro kafin azahar. Abu mai nauyi yana ƙasa, jingine da haƙarƙari, marar nauyi yana sama. Salkar ruwa da kayan shayi suna inda hannu zai kai ba tare da an kwance igiya ba. Kuma babu abin da ake bari yana lilo. A dubi matar Woɗaaɓe ranar ƙaura: ƙorai da yawa take sakawa cikin juna, babba ta haɗiye ƙarama, ta naɗe su tam ta ɗaure bisa takarkari ko jaki, su yi yini guda a hanya ko ɗaya ba ta tsage ba, da an sauka kuma ta jera su bisa saga kamar ba su taɓa motsi ba. Bahaushe ma yana da mangala da waga da adudu da tandu, kowane an ƙera shi ne domin tafiya. Wanda ya fahimci waɗannan ya riga ya san rabin aikin kabad na mota. Saura kawai ya mayar da fata da igiya su zama katako da ƙarfe.

Farkon aiki ba zarto ba ne, lissafi ne. Kowace mota tana da iyakar nauyin da aka yarda ta ɗauka, an rubuta shi a jikinta da cikin takardunta. Motoci irin su Land Cruiser da HiAce da muka saba da su, abin da za su ɗauka da mutane da kaya bai wuce tan guda ko kusa da haka ba. Sai a zauna da mai motar a ƙidaya. Jarka huɗu na ruwa masu litir 20, kilo 80 ke nan. Huɗu na gazuwal, wajen kilo 70. Mutum huɗu da jakunkunansu sun haura kilo 300. Ga taya ta biyu, ga kirik da felu da kayan gyara, ga abincin mako guda. Kafin a sa ko falanki ɗaya an riga an cinye fiye da rabin abin da motar za ta iya. Saboda haka duk kilo ɗaya da kafinta ya ƙara na katako, ya rage litir ɗaya ne na ruwan sha. A ƙasar da rijiya kan yi nisan yini, wannan ba ƙaramar magana ba ce.

Daga nan sai zaɓen katako. Damargu ba ta da itacen falanki. Aduwa da kandili da bagaruwa da gawo da Allah ya ba mu ba na tsagawa ba ne, kuma dokar gandun daji ta 2004 ta sa ido a kansu. Duk katakon da kafintocinmu ke aiki da shi daga kudu yake zuwa, daga ƙasashen kurmi, ya biyo ta Kano ko Maraɗi zuwa Damagaram. A nan ne matsala ta farko take. Falankin da aka tsaga inda iska ke jiƙe, idan ya sha hunturun Tanut sai ya tsuke, ya karkace, wani lokaci ya tsage da ƙara cikin dare. Ƙyauren da aka auna daidai a watan Agusta zai riƙa kaɗawa a Fabrairu, wanda aka auna a Fabrairu kuma ya ƙi rufuwa da damina. Kafinta mai hankali yakan sayi falanki ya jera shi a inuwa, da ƴan sanduna tsakani, ya bar shi makonni kafin ya taɓa shi. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Domin haka ne kwantarfilake ya fi dacewa da wannan aiki. Siraran faya-fayan itace ne aka manne, kowane ya gitta wa na ƙarƙashinsa, shi ya sa ba ya tsukewa kamar falanki. Faifai guda yakan zo da faɗin santimetir 122 da tsawon 244. Mai kaurin milimetir 15 na itacen okume, wanda ƙasar Gabon ta shahara da shi, nauyinsa wajen kilo 22 ne. Wanda aka yi da dusar katako da gam kuwa, mai kauri ɗaya da shi, ya haura kilo 30, ba ya riƙe bis idan an jijjiga shi, kuma ruwa kaɗan ya taɓa shi sai ya kumbura kamar burodi. Shi ne ya fi araha, shi ne kuma ya fi sheƙi a shago, saboda haka shi masu mota suka fi so. A ganina kafinta ya ƙi yarda, ko da cinikin zai lalace. Milimetir 15 ya isa ga bango da saman da ake aiki a kai, 10 ko 12 ga kantoci, bayan kabad kuwa 5 ma ya wadatar. Farin katako marar nauyi, irin wanda ake kira samba, yana da kyau wajen ƴan sandunan ƙarfafa kusurwa, sai dai gara da ƙwaro suna son sa, dole a shafa masa magani.

Akwai kuma wata hanya da na ga ta fi dacewa da mu, wato haɗa kafinta da mai walda. Mai walda ya yi ƙashin kabad da siririn bututun ƙarfe mai kusurwa huɗu, kafinta ya rufe shi da kwantarfilake marar kauri. Ƙarfe ya ɗauki jijjiga, katako ya tare ƙura. Idan faifai ya fashe a daji, a kwance bis huɗu a sa wani. Idan walda ta saki, kowane gari mai kasuwa yana da mai gyara. Illarsa ita ce nauyi, domin masu waldarmu sun saba da ƙofar gida da gadon ƙarfe, hannunsu ya fi zuwa ga ƙarfe mai kauri. Sai an tsaya a kansu.

Mota ba ta da bango miƙaƙƙe. Jikinta ya lanƙwasa daga ƙasa zuwa sama, ga tudun taya, ga ginshiƙan ƙofa. Kafintan da ya auna da metir kawai ya koma shago ya yanka, zai dawo ya tarar kayansa ba su shiga ba. Dabarar ita ce a yanka kwali a bi lanƙwasar bangon da shi sannu a hankali har ya zauna daram, sannan a ɗora shi bisa katako a zana. Ma'aunin ruwa na magina ba shi da amfani a nan, tun da motar kanta ba a daidai take tsaye ba. Daɓen motar shi ne abin dogaro. A kuma bar ɗan rata kamar kaurin yatsa tsakanin kabad da bango, a cusa roba, domin idan jikin motar ya murɗe kada ya matse katako ya fasa shi. Tsohuwar robar cikin taya, wadda ake yar da ita a kowace tasha, ta isa wannan aiki.

Mahaɗa kuwa sai gam da bis tare, da ɗan sanda a kowace kusurwa ta ciki. Gam shi ke riƙewa, bis yana matsewa ne har ya bushe, yana kuma tsare mahaɗar ranar da gam ya gaji. A nan ma zafi yana da tasa magana. A watannin Afrilu da Mayu zafin Tanut kan haura digiri 40 a inuwa, cikin motar da aka rufe a rana kuwa yakan kai 60. Gam ɗin roba da ake manna fomika da shi yakan yi laushi a irin wannan zafi, gefen fomika ya tashi, ƙura ta shiga, shi ke nan. Fenti ko berni sau biyu ko uku, ciki da waje har da bakin yanka, ya fi fomika daɗewa.

Inda rai yake

Duk abin da aka faɗa a baya maganar dukiya ce. Ɗaure kabad da jikin mota maganar rai ce. Masana hatsarin mota sun tabbatar cewa idan mota mai gudun kilometir 50 cikin awa ta yi karo, duk abin da ba a ɗaure ba zai taho gaba da ƙarfin da ya ninka nauyinsa sau ashirin ko fiye. Jarkar ruwa mai kilo 20 ta zama kilo 400. Kabad mai kilo 100 da kayansa ya zama tan biyu, kuma ƙeyar direba yake nufa. A hanyarmu, inda raƙumi ko jaki kan faɗo kwalta ba sallama, ba sai an yi karo da wata mota ba. Saboda haka ba a ɗaure kabad da ƙananan bis a jikin kwanon mota. Sai bulon mai kaurin milimetir 8 ko 10 ya ratsa daɓen, da faffaɗan ƙarfe a ƙarƙashi domin kada ya yage kwano, da noti mai roba wanda jijjiga ba ta kwance shi. In an cire kujerun baya, ramukan bulon ɗinsu sun fi ko'ina ƙarfi, da su ya kamata a fara. Kafin a huda ko'ina kuma a kwanta a leƙa ƙarƙashi, domin tankin mai da bututun birki da wayoyin wuta suna nan kwance. Mai motar shi ma ya tuna cewa kart giris ɗinsa ta faɗi yawan kujerun motar, ya nemi bayani ga ma'aikatar sufuri da kamfanin inshorarsa kafin ya sauya mata fasali. Tsakanin kaya da mutane kuwa a sa shingen ƙarfe mai raga. Wannan shinge ya fi duk wani ado da za a yi wa motar daraja.

Sai rabon nauyi, kuma a nan madugu ya riga ya gama magana. Ruwa da mai da batir da kayan ƙarfe suna ƙasa, tsakanin ƙafafun gaba da na baya, rabi dama rabi hagu. Kabad na sama na bargo ne da tufafi da tabarma. Abin da muke gani kullum, wato a lafta jarkoki da buhuna bisa kan mota, shi ne ke kifar da ita a gefen tudun rairayi. Motar da aka yi wa kabad mai nauyi a gefe ɗaya kuwa, ba za ta yi wata shida ba sai ƙarafan da ke ɗauke da ita sun kwanta ta wannan gefen, ta riƙa tafiya a karkace tana cin taya.

Ƙyaure da aljihu su ne suka fi saurin ba da kunya. Maganaɗisun da ke riƙe ƙyauren kabad na ɗaki wasan yara ne a burji. Kowane ƙyaure sai da sakata ta gaske, wadda ba ta buɗuwa sai hannu ya buɗe ta. Ƙyaure mai zamewa cikin kwarmi ya fi mai buɗowa waje, domin ba shi da maratayin da zai karye, ba ya kuma tare wuri. Kowace kanta a yi mata ɗan baki mai tsawon santimetir 4 ko 5. Sau da yawa ma ba a bukatar ƙyaure: raga, ko zanen tanti mai maɗauri, sun fi sauƙi kuma ba sa ƙara. A rarraba ciki ƙanana-ƙanana daidai da abin da za a sa, kofin shayi da raminsa, kwalba da nata, domin abin da ke fasa kaya ba jijjiga ba ce, filin da aka bar musu su yi gudu ne. Ƙura kuma ta ƙofar baya ta fi shiga, iskar da mota ke ja a bayanta ita ke tsotso ta. Duk kabad ɗin abinci da na magani a liƙa masa roba a bakin ƙyaure.

Yanzu sai madafa, kuma a nan ne nake ganin bai kamata mu kwaikwayi baƙinmu na da ba. Banasare ya sa murhunsa cikin mota ne domin ƙasarsa ruwa da ƙanƙara ne, yana kuma dahuwa a tsaye. Mu a zaune muke dahuwa, a ƙasa, cikin jama'a, ruwan sama kuwa wata uku ne a shekara idan an yi sa'a. Wa zai shiga akwatin ƙarfe mai zafin digiri 50 ya tuƙa tuwo? Madafar da ta dace da Damargu ita ce wadda ke fuskantar waje: akwati guda mai ƙarfi a bakin ƙofar baya, mai hannu biyu, ƙyaurensa ya sauko ya zama tebur, a cikinsa ga murhu, ga tukunya biyu cikin juna, ga gwangwanayen gishiri da sukari da tattasai da kauɗa. In an so a yi aiki da shi a inda yake, ƙofar motar ta tare iska. In an so a kwance maɗauri biyu a sauke shi gindin aduwa. Abin dariya, su kansu Turawan da haka suka fara. Kamfanin Westfalia na Jamus, wanda ya yi suna wajen mayar da motar Volkswagen ɗaki, abin da ya fara fitarwa a 1951 akwati ne da ake sakawa a cire, domin motar ta yi aiki ranakun mako ta yi yawo ranar hutu. Mai HiAce ɗin da ke ɗaukar awaki ranar kasuwa ya fi kowa bukatar irin wannan.

Tun da matatar mai ta SORAZ ta fara aiki a 2011 kusa da Bakin Birji, cikin komin ɗin Olelewa, gas ya yawaita a jahar, tukunya mai kilo 6 ta shiga motoci da yawa. Alheri ne ga itatuwanmu, amma sai an san halinsa. Gas ya fi iska nauyi. Idan ya yi yoyo ba ya tashi sama, kwanciya yake a daɓe kamar ruwa, yana jiran ashana ko tartsatsin batir. Saboda haka tukunyar gas tana bukatar ɗakinta ita kaɗai, a tsaye, ɗaure da maɗauri biyu, rufe ta wajen mutane, da rami a ƙasa wanda ya fita waje domin abin da ya zuba ya tsiyaye. Ba a haɗa ta da batir ko waya a wuri ɗaya, ba a tafiya sai an rufe kanta. Haka nan gawayi. Daren hunturu a dajin Tanhiya sanyi ne mai shiga ƙashi, mutum ya ga kamar ya shigo da ɗan murhun shayi cikin mota ya rufe gilashi. Hayaƙin gawayi yana da guba marar wari marar launi, mai sa barci wanda ba a tashi. Kafinta ba zai hana wannan ba, amma kada ya yi wa murhun gawayi mazauni a ciki.

Motar likita tana da wata bukata da ta wuce ta kowa. Yawancin allurar rigakafi sai an tsare su tsakanin digiri 2 da 8, daga ɗakin sanyi har zuwa hannun yaro. Ta dabbobi ma tana son sanyi. Bushiya, wadda ta sha ƙare garken kakanninmu, ba a bayyana ƙarewarta daga duniya ba sai a 2011, bayan shekaru da dama ana kai allura cikin akwatunan sanyi har wuraren da babu hanya. Idan zafi ya lalata allura ba ta sauya kama, za a yi wa yaro ita, uwa ta koma zango da murna, alhali ba ta tsare shi daga komai ba. Don haka mazaunin akwatin sanyi shi ne wuri mafi daraja a motar: nesa da taga mai rana, nesa da ɓangaren daɓen da salansa ke bi ta ƙarƙashinsa, a ɗage shi kaɗan bisa katako, a ɗaure, kuma a iya buɗe shi ba tare da an sauke kaya ba. In firiji ne mai aiki da batir, a bar masa rata a baya ya sha iska, kowace waya kuma ta bi ta cikin roba inda ta ratsa katako ko ƙarfe, da fis kusa da batir. Ruwan sha dai har yanzu ban ga abin da ya fi salka rataye a gefen mota ba, iskar tafiya na busa ta tana sanyaya shi kyauta.

Wa zai yi wannan aiki? Kafintoci da masu walda suna nan a Tanut da Bakin Birji da Balbeji, cibiyoyin koyon sana'a na CFM kuma suna yaye samari a fannin katako da na ƙarfe. Mafi yawansu gado da kujera da ƙofa suka sani, kasuwar da ta cika, wadda ba ta motsi sai bayan kaka lokacin aure. Motocin ma'aikatu da na ƴan kasuwa kuwa ana kai su Damagaram ko Yamai ko Kano, a yi musu aikin da wanda bai taɓa bin hanyar Tarka ba ya zana. Ina ganin masu ba da kwangila su gwada na gida, su kuma na gida su nemi direbobi su zauna da su, domin direba shi ya san abin da ke ɓallewa da inda yake ɓallewa.

Kuma kada a miƙa aiki a ƙofar shago. Idan an gama, a cika kabad da buhunan rairayi daidai nauyin kayan da zai ɗauka, kafinta ya shiga bayan motar da kansa, a bar kwalta a kama hanyar Gangara kilometir ashirin ko talatin. Ya kasa kunne. Duk inda ya ji ƙara, katako ne ke gogar ƙarfe, nan zai fara ci. Ya sa alama da alli. A dawo a ƙara roba, a sake matse kowane noti, a kuma gaya wa mai motar ya komo bayan tafiyarsa ta farko a sake matsewa, domin sabon katako yakan kwanta ƙarƙashin bulon. A cikin aljihun ƙasa a bar masa bis goma, sakata guda ta canji, da makulli mai lamba 13 ko 17, daidai da notin da aka sa.